Ɗan Kaɗan ɗin Gwaggo

Jama'a, a gyara zama, a ajiye waya, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga ta nan tafe, uwar tsintsiya, maganin datti, wadda ta share sito mai lamba uku shekara ashirin da biyu ba a taɓa tsintar ko tsinke a bayanta ba. Dodon marasa cin abinci, mai cika kwano har ya yi kuka. Mace ɗaya tilo a unguwarmu da tsuntsu mai farauta yake sauka a hannunta, da izini, da takarda, da hatimi. Gwaggona kenan, ƙanwar mahaifina. Tsawonta bai kai kafaɗata ba, takalminta na roba ne, kuma in kun gan ta a bakin titi tana jiran motar safe ba za ku sake waiwayenta ba. Ni ma haka nake, sai da na ga abin da zan ba ku labari.

Ita ta riƙe ni tun ina shekara shida. Gidanmu ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida wadda in ka shanya zanen gado ta cika. Ba ta haihu ba, mijinta ya rasu da wuri, sai ta mayar da duk wanda ya ratso ƙofarta ɗanta na wannan ranar. Ba ta gaisuwa da "ina wuni". Tata gaisuwar ita ce "ka ci abinci?" In ka ce ka ci, sai ta ce, "To bari in zubo maka ɗan kaɗan."

A nan ne ake yin ta. Ɗan kaɗan a bakin kowa ɗan kaɗan ne, a bakin Gwaggo kuwa tsauni ne. Mai karanta mita ya taɓa shigowa aikin minti biyu, ya fita bayan awa guda yana sassauta bel. Abokaina sun san maganar, in za su zo gidanmu tun jiya suke fara azumi.

Aikinta shara ne a wani kamfanin fulawa. Siton dogo ne, in ka tsaya a wannan ƙofar mutumin da ke waccan ƙofar kamar ɗan tsana yake. Buhuna jere har kusa da rufi, a saman ƙarafan rufin kuma tantabaru, ɗaruruwa. Su ne abokan gabarta. Ta share layi tas, kafin ta kai ƙarshe sun sake yi mata zane a farko. Kamfani ya gwada raga, suka sami kafa. Aka kawo mujiyar roba mai jajayen idanu aka kafa a sama, sati bai cika ba wata tantabara ta yi sheƙa a kanta. Daga nan ne aka ɗauko Mai Safa.

Ranar da ya fara zuwa ina wurin, don lokacin ina dako a siton, sana'ata ta huɗu kenan a shekarar. Wani dogon tsoho ne siriri, hannunsa na hagu cikin safar fata mai kauri har gwiwar hannu, a kan safar kuma shaho yana zaune, an rufe masa kai da 'yar hular fata. Masu dako suka fara tsokana. "Baba, na yanka ne ko na kiwo?" Bai ko kalle su ba. Ya sa haƙori da yatsa ya kwance igiyar hular, ya cire.

Tsuntsun ya juya kai sau ɗaya. Wallahi tantabarun da suke ta guɗa tun da aka gina siton suka yi tsit, har ka ji injin can ƙarshen gini. Shahon ya saki safar. Ba na cewa ya tashi, zubewa ya yi kamar ruwa, ya bi tsakanin layin buhuna ƙasa-ƙasa, babu sauti sai 'yar ƙararrawar da ke ƙafarsa, sannan ya miƙe sama tsaye. Rufin ya fashe da fuka-fukai. Tantabaru ta kowace taga, gashinsu yana saukowa a hankali cikin hasken rana. Tsohon ya ɗaga hannu ya yi fito sau ɗaya, sai ga shahon ya dawo ya dafe safar kamar bai je ko'ina ba.

Na ji wani abu ya faɗi kusa da ni. Tsintsiyar Gwaggo ce.

Ta matsa ta ce, "Bawan Allah, me ka ba shi ya dawo?"

Ya ce, "Abin da ban ba shi ba ne ya dawo da shi."

"Wato yunwa kake gana masa."

"Ba yunwa ba. Marmari. In yunwa ce zai yi rauni ya faɗi. In ƙoshi ne ba ruwansa da ni. Tsakaninsu akwai 'yar hanya siririya, a kanta muke tafiya ni da shi."

Masu dako ne suka raɗa wa shahon suna Manaja, don in ya kalle ka sai ka ji kamar takardar kora ce ke tafe.

Tun daga ranar Gwaggo ta shiga wani hali. Tana da shekara hamsin da uku, ba ta taɓa kiwon ko kaza ba, ta je ta ce wa Mai Safa ya koya mata. Ya ce a'a. Ta koma. Ya ce mata wannan ba aikin sha'awa ba ne, tsuntsun bai san hutu ba, bai san biki ba, bai san kana zazzaɓi ba. Ta ce ai tantabaru ma ba su sani ba, kuma ta jure musu shekara ashirin da biyu. A zuwa na biyar ya miƙa mata bokiti ya ce ta wanke inda Manaja ke kwana. Wata huɗu tana wanki bai bar ta ta taɓa ko gashinsa ba.

Akwai kuma jarrabawa, don ba a riƙe irin wannan tsuntsu sai da izinin hukuma. Gwaggo a aji uku ta bar makaranta. Ni da na kai aji tara kafin ni da makarantar mu rabu da mutunci, ni na zama malaminta. Ina karanta mata tambayoyi tana yanka albasa. Cututtukan ƙafa, yadda ake gyara gashin da ya karye, abin da launin kashinsa ke nufi. A wannan na ƙarshen ta fi littafin sani. Karon farko ta faɗi. Karo na biyu ta ci, ta dawo gida ta dafa shinkafar da layinmu gaba ɗaya ya kasa cinyewa. Mai Safa kaɗai ya ƙi zuwa. Shi ba ya cin abincin gidan kowa, shayi da burodi ne rayuwarsa. Ku riƙe wannan, don da ya taɓa zama gaban kwanon Gwaggo ko sau ɗaya, da abin da ya faru bai faru ba.

Sannan aka zo koyon ɗaukar tsuntsun a hannu. Ya ba ta tsohuwar safarsa, ta yi mata yawa har sai da ta cusa tsumma a yatsun. Darasin farko shi ne ta tsaya da tsuntsun a hannu, gwiwar hannu a lanƙwashe, kada ta motsa, kada ta kalle shi cikin ido, kada ta yi magana. Gwaggo fa! Matar da ko a barci ƙafarta na neman abin yi. Manaja ya yi ta fizgewa yana rataye kai ƙasa a igiyar ƙafarsa, yana dukan iska, ita kuma ta sa hannun dama a hankali ta mayar da shi. Sau talatin a yini. Ranar nan ya cafke ta a babban yatsa inda safar ta yi laushi, jini har gwiwar hannu, ba ta ce uffan ba sai da ya saki don kansa. Ni da ke kallo daga nesa ni na yi ihun.

A hankali ya fara yarda. Ya ci nama a hannunta. Ya yi tsalle taku ɗaya ya zo. Aka ɗaura masa doguwar igiya a filin bayan sito, taku biyar, taku goma, har taku arba'in. Daga baya Mai Safa ya bar shi ya koma kwana a gidanmu, a wata 'yar rumfa da na buga a tsakar gida, wadda ita kaɗai ce aikin hannuna da bai rushe ba. Kullum da safe sai a ɗora shi a sikeli. Giram ɗari bakwai da ashirin, nan ne marmarinsa yake. In ya haura da yawa sai ya kalle ka kamar bai taɓa ganinka ba. Naman kuwa Mai Safa ne yake aunawa da kansa, ya ƙunshe na kowace rana a takarda ya ba ta.

Abu ɗaya ya rage, a cire igiyar gaba ɗaya. Sai malami ya gani da idonsa cewa tsuntsun ya tashi a sake ya dawo hannun ɗalibi, ya sa hannu a takarda, sannan tsuntsun ya zama nata.

Sai ga shi idon da za a gani da shi ya fara tafiya. Yanar ido ta rufe wa Mai Safa ido ɗaya, tana neman ɗayan. Ɗansa da ke wani gari mai nisa ya ce zai zo ranar Asabar ya tafi da shi, a yi masa aiki ranar Litinin, kuma daga nan ba dawowa, zama ne a wurin jikoki. Gidan ɗan nasa a bene yake, hawa na biyar, ba wurin shaho. In Gwaggo ba ta sami sa hannun nan kafin su tafi ba, Manaja gidan namun daji za a kai shi, ya ƙare rayuwarsa a keji yara suna jifansa da bawon gyaɗa. Aka tsayar da Asabar da safe.

Ranar Juma'a tsohon ya wuni a asibiti ana gwaje-gwaje, ya manta bai bar ƙunshin nama ba. Da yamma ya bugo waya. Ina zaune, wayar Gwaggo kuma irin mai ihun nan ce, na ji komai. Ya ce, "Akwai tantabarar da na bar miki a firij. Ki yanka ki ba shi ɗan kaɗan, gobe muna son shi da kaifi."

Ta ce, "To."

Ni kuma, Allah ya yafe min, ina can ina duba ƙwallo a wayata. Kalmar ta wuce ta gaban kunnena kamar baƙuwa.

Asabar da safe muka hallara a filin bayan sito. Ɗan Mai Safa ya ajiye mota a inuwa, kaya a ɗaure a sama, yana ta duba agogo. Ya ce ƙarfe huɗu dole su kama hanya. Gwaggo ta ɗora Manaja a sikeli a kan wani benci. Na leƙa. Ɗari bakwai da sittin da takwas.

Mai Safa ya sunkuya, ya ƙanƙance ido, ya kasa ganin lambar. Ya ce wa Gwaggo, "Karanta min."

Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Gwaggo, ki ce da ashirin da biyar. Ba ya gani."

Ta yi min wani kallo wanda Manaja ma sai ya zo ɗaukar darasi. Ta ce, "Ɗari bakwai da sittin da takwas, Malam."

Tsohon ya miƙe a hankali. "Me kika ba shi?"

"Ɗan kaɗan, yadda ka ce."

"Nuna min."

Ta buɗe tafin hannunta, ta ɗan ƙara buɗe yatsun, sannan ta ɗora ɗaya hannun a kai kamar tana rufe tudu.

Ya ce, "Innalillahi. Wannan ai abincinsa na kwana biyu ne."

"Na yanka daidai yadda kake yankawa. Sai ya cinye ya kalle ni. Na ce gobe aiki ne babba a gabansa, wa ke fita babban aiki da ciki a rarake?"

Ban taɓa ganin Mai Safa ya yi dariya ba, ranar ma bai yi ba, amma gemunsa ya yi rawa. Ya ce a jira zuwa ƙarfe biyu ko nauyin zai sauka. Muka zauna a inuwar bango. Gwaggo ba ta zauna ba, tana tsaye da tsuntsun a hannu, ba ta ce da kowa ya ci abinci ba, abin da ya fi komai tsorata ni. Ƙarfe biyu aka sake aunawa. Ɗari bakwai da hamsin.

Mai Safa ya ce, "Baiwar Allah, zan gaya miki gaskiya. Da ni ne, ba zan sake shi a haka ba. Zai iya hawa sama ya ga duniya ta yi masa daɗi, ya tafi, ba ke ba shi har abada. Amma kuma ba zan sa hannu kan abin da bai faru ba. Hannunki ne, tsuntsunki ne ko ba naki ba."

Ta daɗe tana kallon ƙafafun Manaja. Sannan ta ce, "Gara ya ɓace min a sama da ya ruɓe a keji." Ta zare igiyar daga zoben ƙafarsa, ta jefar da ita ƙasa, ta cire masa hula, ta ɗaga hannu.

Na sha ganinsa yana tashi a cikin sito, amma a can rufi ne iyakarsa. Nan babu rufi. Ya buga fuka-fukai kamar sau shida, ya sami wata iska da mu ba mu ji ba, sai ya daina bugawa. Ya shimfiɗa su kawai, yana zagaye, kowane zagaye ya fi na baya nisa. Rana ta bi ta cikin gashin jelarsa ya yi ja kamar garwashi. Ƙarar ƙararrawar ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace. Masu gadi suka fito daga ɗakinsu, wani direban tirela ya kashe injinsa ya leƙo. Ni mai baki, wanda malamai uku suka kora daga aji saboda surutu, na nemi kalma ɗaya na rasa. Abin da ke raina shi ne, mai iya wannan me zai dawo yi wurinmu?

Can ya sauko ya zauna a kan tankin ruwan kamfani, mai tsawon bene hawa huɗu. Ya girgiza jiki, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya cusa a gashi. Mai Safa ya tambaye ni me yake yi, na gaya masa. Ya ce, "Ya yi zaman mai gida. Allah ya kyauta."

Gwaggo ta yi fito. Ko gezau. Ta ciro nama daga jakar ƙugunta ta ɗora a safa tana kaɗawa. Ya kalli gabas. Ta matsa gindin tankin ta fara abin da ta fi iyawa a duniya, wato roƙon mutum ya ci. "Zo mana, ɗan albarka. Sauko ka taɓa ko loma ɗaya ce. Haba Manaja, don Allah fa." Minti ashirin, minti arba'in, hannunta a sama, muryarta ta dushe. Shi kuwa ko a jikinsa, yana gyaran gashin ƙirji.

Huɗu saura kwata ɗan Mai Safa ya tayar da mota. A daidai lokacin wani garken tantabaru ya ratsa can bayan layin dogo, yana nufar wajen gari. Na ga kan Manaja ya juya ya bi su. Ya sauke ƙafar da ya ɗaga. Ya sunkuyar da kafaɗa.

Sai Gwaggo ta daina roƙo. Ta sauke hannu. Ta cire naman daga safa a gabansa, yana kallo, ta mayar cikin jaka ta ja zif. Ta juya masa baya ta kama tafiya wajen ƙofar sito, tafiyarta ta kullum, ba sauri ba waiwaye.

Na buɗe baki zan ce Gwaggo ina za ki, Mai Safa ya damƙe min hannu har ƙashi. Ya ce, "Rufe min baki." Fuskarsa ba ta kallon tankin, kunnensa ya karkata.

Ta yi taku goma. Ta yi ashirin. Ta kusa shiga inuwar ƙofa.

Shi ya fara ji kafin mu gani. Ƙararrawa. Manaja ya faɗo daga kan tankin kamar an saki dutse, sai da ya kusa taɓa ƙasa ya buɗe fuka-fukai, ya taho a miƙe dab da ciyawa. Ya wuce ta gefena, iskarsa ta taɓa min kunci. Gwaggo ba ta juyo ba. Hannun hagu kawai ta miƙa gefe, kamar mai tsayar da mota, sai ji kake ɗaf. Nauyinsa ya ɗan karkata ta, ta gyara tsayuwa, ta kama igiyoyin ƙafarsa tsakanin yatsu, sannan ta buɗe jakar ta saka masa da naman.

Direban tirelan ya danna hon, masu gadi suna tafi. Mai Safa ya saki hannuna ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Muddin ana roƙonsa ya san naman ba ya zuwa ko'ina. Da ya ga ya kama hanya ne hankalinsa ya tashi. Wannan ban koya mata ba."

A kan bonet ɗin mota ya sa hannu, hancinsa yana kusan gogar takardar. Ya shafa ƙirjin Manaja da bayan yatsa sau ɗaya, ya shiga mota. Gwaggo ta bi su da ido har suka fita get, laɓɓanta suna motsi da addu'a.

Ni fa a lokacin bakina ya dawo, kuma ya dawo da kayansa. Na sha gabanta na ware hannuwa. Na ce, "Gwaggo! Kin san abin da kika yi kuwa? Sama da faɗinta, da iska, da tantabaru ɗari, duk kin kayar da su da ƙeyarki! Sarauniyar sararin samaniya! Wallahi sai na rubuta wannan, sai duniya ta ji, jikokin jikokinmu sai sun ba da labarin yau!"

Ta sunkuya tana laluben wani abu a ƙasa da hannun dama, shahon yana daidaita kansa a ɗaya hannun. Ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Ɗaga ƙafa, ka taka masa igiya."